Na rataya mazubin tsaba a lambu amma tsuntsaye sun ƙi zuwa, ko in sayi babbar kyamara?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Malali a Kaduna ya rubuto cewa ya sayi mazubin tsaba na roba irin wanda ake ratayewa, dogo mai 'yan ramuka a gefe, haɗe da ƙunshin tsabar da aka shigo da ita daga waje. Ya rataye shi a mangwaron gidansa tun bayan kaka, amma ban da gwara da kurciyoyin da ke tsintar abin da ya zube ƙasa babu mai zuwa, sai ɓeraye da dare. Hotunan da yake ɗauka da waya kuma tsuntsun kan fito ɗan mitsitsi, baƙi ƙirin. Yana son sanin abin da zai riƙa zubawa, da kuma ko lokacin sayen babbar kyamara ya yi.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ɗan jinkirta maganar kyamara tukuna. Abin da gidanka ke nema yanzu kaskon ƙasa ne mai faɗi da ruwa a ciki, da mudun gero, sai kuma ka zaɓi inda za ka ajiye su kana la'akari da ta inda rana ke fito maka. In waɗannan suka zauna daidai, wayar hannunka ma za ta ba ka hoton da za ka ji daɗin nuna wa mutane. In ba su zauna ba, kyamara komai tsadarta ba ta ɗaukar tsuntsun da bai zo ba.

Mazubin da ka saya ba lalatacce ba ne, ba don tsuntsayenmu aka ƙera shi ba. An yi shi ne don ƙasashen Turai da Amurka, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa na tsawon watanni har abinci ya ɓace, kuma ƙananan tsuntsayensu da dama sun saba maƙalewa a siririn reshe suna ci, wani lokaci ma kai a ƙasa. Namu masu cin tsaba yawancinsu a ƙasa suke kiwo. Kurciya, hasbiya, bardo, gwara, tsada, da jan ɗan tsuntsun nan da wasu ke kira baiwar Allah, duk 'ya'yan ciyawa suke tsinta a ƙasa. Kurciya ba ta ma da wurin dafa ƙafa a ɗan tsinken da ke jikin mazubin, shi ya sa take jira a gindinsa. Kabare da gwara kan koyi hawa in an daɗe, amma su kaɗai. Ita ma tsabar wajen rabinta manyan ƙwayoyi ne masu ɓawo mai tauri, bakin tsada ba zai iya fasa su ba.

Sannan lokacin da ka fara ma bai taimake ka ba. A Oktoba da Nuwamba gero da dawa na gonaki, ciyawa ta zubar da 'ya'ya ko'ina daga bakin kogi har gefen layin dogo, tsuntsu ba ya cikin yunwa. Abin da ke fara yanke wa tsuntsun Kaduna ruwa ne. Ruwan sama kan ɗauke a Oktoba, ba ya dawowa da ƙarfi sai Afrilu ko Mayu. Kafin Janairu ƙananan kududdufai sun ƙafe, a Maris da Afrilu kuwa zafi na haura digiri 35. Tsuntsu mai cin busasshiyar tsaba kusan kullum sai ya nemi ruwa, domin abincinsa ba shi da laima. Wani alfanun ruwa kuma shi ne ba ya zaɓe. Tsaba masu cin tsaba kaɗai take kira, amma ruwa mai cin ƙwari zai zo, mai cin 'ya'yan itace zai zo, mai shan zaƙin fure zai zo, har baƙin da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Duk wanda na sani da ya tara tsuntsaye iri-iri a gidansa a garin nan, da ruwa ya tara su.

Kaskon ƙasa ya fi roba da silba saboda dalili biyu. Jikinsa na da kaushi, ƙafar tsuntsu ba ta santsi, kuma yana sanyaya ruwa kamar yadda randa ke yi. Ka nemi mai faɗin kamu biyu ko fiye, marar zurfi. Ruwan kada ya wuce santimita 2 a gefe, 5 a tsakiya, wato gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu. Ka jefa tsakuwa da dutse ɗaya mai faɗi da ya ɗan ɗara saman ruwan, don ƙananan su sami matsaya. Bokiti ko baho mai zurfi haɗari ne, ɗan tsuntsu kan zame ciki ya kasa fita.

Ga dabarar da ta fi kowace aiki. Ka sami gorar ruwa ta roba, ka huda gindinta da allura huda ɗaya, ka cika ta, ka rataye a reshe sama da kaskon, ka ɗan sassauta murfin har ta riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar ɗigon da ƙyallin ruwan da ke motsi na jawo tsuntsun da ke wucewa ta sama, wanda da ruwan a kwance yake ba zai kula ba.

Inda za ka ajiye shi na da muhimmanci ƙwarai. Ya kasance a inuwa marar duhu, mita 2 zuwa 3 daga wata shuka mai cunkoson rassa. Tsuntsun da ya yi wanka jikinsa ya yi nauyi, ba ya tashi da sauri, yana son mafakar da zai faɗa in shaho ya kawo sura. Amma in kaskon ya manne da shukar, ka yi wa kyanwa maɓoya ke nan. In da hali ka yi biyu, ɗaya a ƙasa don kurciya da tsada, ɗaya a kan kututture ko tsohon turmi don masu tsoron sauka. Ka zubar da ruwan ka sake sabo kullum. Sauro na buƙatar kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai zuwa tashi, saboda haka kaskon da ake juyewa kowace safiya ba zai haifa maka sauro ba. Ka riƙe lokaci guda, bayan sallar asuba ya fi, kada ka yi yau ka bar gobe. A tsakiyar rani cikin mako ɗaya ko biyu za ka ga canji. Kurciya da tsuntsun nan mai baƙin kai da ɗan tukku da littattafai ke kira bulbul su ke fara sauka, sauran na kallonsu daga sama, in sun ga sun sha lafiya sai su biyo. Kuma ka san aikin ba na nishaɗi kaɗai ba ne. A hadisin mutumin da ya shayar da kare, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a cikin kowace hanta mai laima.

Sai abinci. Gero ne kan gaba, kusan kowa na cinsa. Acca, wadda ake nomawa a Kudancin Kaduna da Filato, ita ce daidai bakin tsada da baiwar Allah, in ka barbaɗa ɗan kaɗan za ka ga yadda suke rububinta. Tsakin masara ko na dawa na kurciya da hasbiya da kabare ne. Duk wannan a Kasuwar Kawo ko wurin mai awon unguwarku za ka samu, ba sai ka nemi na kanti ba. Sai dai ka tambayi mai hatsin ko an sa masa maganin ajiya, ka kuma shinshina da kanka. Irin shuka kuwa, wanda ake gauraya shi da magani mai launi, kada ya kusanci wurin ko kaɗan, guba ne.

Ɓerayen da ka ambata yawan zubawa ne ya kawo su. Tafin hannu ɗaya ko biyu ya isa, gwargwadon abin da zai ƙare kafin azahar. Kada komai ya kwana. Inda tsaba ke kwana ɓera na zuwa, inda ɓera ya yawaita kuma maciji na iya biyo shi, ga yara a gida. Ka zuba a kan faffaɗan katako ko tsohon tire da ka huhhuda don ruwa ya tsiyaye, ko a kan ƙasa sharariya, kana sauya wurin lokaci-lokaci.

'Ya'yan itace kan buɗe wata ƙofar daban. Ka raba gwanda biyu ka soke a ƙusa a jikin reshe, ko ayaba da ta nuna sosai, ko gwaiba. Bulbul zai zo, shaya mai sheƙi za ta zo, in unguwarku na da manyan itatuwa irin na Malali da Unguwar Rimi har kulkulu zai sauko, babban tsuntsun nan mai launin toka da rawayan baki da ke kuka kamar yana ƙyaƙyata dariya. Da yamma ka cire ragowar saboda tururuwa da ƙuda. Abin da ba a ba su shi ne ragowar tuwo da miya, da burodi, da duk abin da ke da gishiri ko mai. Gyaɗa ma ina ba ka shawara ka bar ta. Gyaɗar da ta sha laima kan yi fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afalatoksin, kuma tsuntsaye ba sa jure ta. Ta dalilin tsuntsaye ma aka gano gubar, bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa.

In kana da niyyar zama a gidan shekaru, shuka ta fi kowane mazubi. Zogale na saurin girma, furensa kuma na kiran sha-kauci, 'yan tsuntsayen nan masu siririn baki lanƙwasasshe da jiki mai walƙiya. Minjirya na fitar da jan fure a rani lokacin da furanni suka yi ƙaranci. 'Ya'yan darbejiya bulbul da kulkulu na sonsu. Dangin ɓaure kuwa, irin su cediya da durumi da gamji, babu itacen da ya kai su tara tsuntsaye in sun yi 'ya'ya, sai dai saiwarsu na fasa gini, ba na ƙaramin fili ba ne. Wanda ke son ganin haka ya je Ƙofar Gamji a bakin Kogin Kaduna da sassafe ya tsaya ƙarƙashin manyan itatuwan wurin. Wasu kan ba sha-kauci ruwan sukari, awo ɗaya na sukari cikin awo huɗu na ruwa, ba zuma ba kala. A zafin Kaduna yana tsami cikin yini guda, don haka in ba za ka iya wanke mazubin kullum ba, ka bar su da fure. Ka rage feshin maganin ƙwari a lambun, domin ko gwara da kabare da ke cin tsaba, da ƙwari suke renon 'ya'yansu. Ka kuma bar wata kusurwa ciyawa ta girma har ta yi 'ya'ya.

Yanzu ga ɓangaren da nake so ka ɗauka da nauyi. Wanda ya tara tsuntsaye wuri guda ya ɗauki alhakin lafiyarsu. Akwai cutar da masu kiwon tantabara suka sani, wadda ke sa wani abu rawaya ya taru a baki da maƙogwaro har tsuntsu ya kasa haɗiya. Ta yawu take yaɗuwa, a ruwan sha da tsabar da mai ciwon ya tofar. A Ingila ta shiga ƙananan tsuntsayen lambu daga 2005, har wani ɗan koren tsuntsu mai cin tsaba ya ragu da fiye da rabi, kuma mazuban lambu na cikin hanyoyin da ta bi. Maganin abin tsafta ce. Ka goge kasko da buroshi kullum. Sau ɗaya a mako ka wanke shi da tiren da ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, ka ɗauraye sosai, ka shanya a rana su bushe ƙarau, don ƙwayar cutar ba ta jure bushewa. In ka ga tsuntsu ya kumbura gashi, bakinsa a jiƙe, yana zaune ba ya gudun mutum, ka kwashe komai na aƙalla mako biyu su watse.

In kuma kana da kaji ko tantabaru a gida, ka raba musu wurin ci da sha da na tsuntsayen daji, nesa da juna. Mu mutanen Kaduna ba labari aka ba mu ba. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 karo na farko a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji cikin ƙaramar hukumar Igabi. Kada ka ɗauki mataccen tsuntsu da hannu tsirara, in ka ga sun mutu da yawa lokaci guda ka sanar da likitan dabbobi. Wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki a wurin.

Yaran gida da na maƙwabta masu danko kuwa, kora ba ta hana su. Ka ba ɗaya aikin zuba ruwa, ka ba wani aikin ƙirga iri nawa suka zo yau. Yaron da ya san macen tsada daga namijinta da wuya ya sake harbinta.

Kallon kansa, wanda shi ne daɗin abin, yana son zama shiru da maimaitawa. Ka fara da na kullum har ka san su ciki da bai. Namijin tsada shuɗi ne mai ɗigon ja a kumatu, macen ba ta da ɗigon. Namijin baiwar Allah ja ne, macen ruwan ƙasa ce da ɗan ja a gindin wutsiya. Ka lura da yadda kurciya ke sha: tana tsoma baki ta zuƙa ba tare da ta ɗaga kai ba, alhali yawancin tsuntsaye sai sun kamfata sun ɗaga kai sama. Suda kan zo da surutunta. Ragon maza kan ratso ta ƙarƙashin shuke-shuke a hankali. In ka ji wuri ya yi tsit nan take kowa ya watse, ɗaga kai, shaho ne. Kada ka ji haushinsa, shi ma ɗan lambun ne.

Damina kan sauya wa wasu kaya har ka ɗauka baƙi ne. Kabaren da ka saba gani fari-fari marar armashi a rani, namijinsa kan koma rawaya da baƙin kai da jan ido. Wani ɗan tsuntsu mai jan baki kan fitar da doguwar wutsiya, jikinsa baƙi da fari, ya mamaye wurin tsaba yana korar kowa har da waɗanda suka ninka shi girma. In ya dame ka, ka raba tsabar wuri biyu da ba sa ganin juna. Akwai kuma wanda nake so ka sa wa ido musamman daga ƙarshen damina: ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, farin baki, jajayen ƙafafu, girmansa bai wuce na tsada ba. Wannan ba ya yin sheƙa. Macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai, 'ya'yanta su fito da alamomin cikin baki irin na 'ya'yan masu gida, a ciyar da su tare ba tare da sun kori kowa ba. Namijin in ya girma yana saka kukan iyayen riƙonsa cikin waƙarsa. Wani ɗan'uwan wannan baƙin tsuntsu da ke tsaunukan Filato yana kwaikwayon kukan wani jan tsuntsu na cikin duwatsu. Shi jan tsuntsun, masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998, ta hannun wani masani Ba'amurke, Robert Payne. Duk inda baiwar Allah ta yawaita akwai yiwuwar ganin wannan alaƙa, ciki har da tsakar gidanka. Daga Oktoba zuwa Afrilu kuma ka riƙa duba 'yan tsuntsaye marasa ado da ke zuwa shan ruwa su kaɗai, wasunsu a Turai aka ƙyanƙyashe su.

To, hoto. Matsalolinka biyu ne, kowace da dalilinta. Tsuntsun na fitowa ƙarami ne domin gilashin kyamarar waya mai faɗin gani ne, an yi shi don ɗaukar mutane da ɗaki, tsuntsu mai tsawon santimita 10 kuwa daga mita 5 ɗigo ne kawai. In ka ja hoton da yatsu biyu, a yawancin wayoyi yanka shi kawai kake yi, shi ya sa yake dushewa. Yana fitowa baƙi kuma domin kana ɗaga wayar sama, ita kuwa tana auna hasken sararin sama, musamman farin hazon hunturu, sai ta rage haske har tsuntsun ya zama inuwa.

Maganin duka biyun ɗaya ne: kai ka tsaya nesa, wayar ta matsa kusa. Ka kafa ta a ɗan mariƙi ko ka jingina ta da bulo, kamu biyu zuwa uku daga bakin kaskon, daidai tsayin idon tsuntsun. Ka sayi ɗan rimot na Bluetooth irin wanda ke zuwa da sandar ɗaukar hoton kai, yana aiki daga kusan mita 10. Ka danna yatsa a kan dutsen cikin kaskon ka riƙe har wayar ta kulle saitinta a nan, ka kashe ƙara, ka koma ɗaki kana leƙe ta taga. Ko ka kunna bidiyo a saitin 4K, wato mai fitar da hoto tangaran, ka bar shi, daga baya ka zaɓi inda ya yi kyau ka ciro, kowane hoto da ka ciro ya kai kusan megafiksel 8. Ka yi wa wayar inuwa, rana na sa ta zafi ta tsaya. Kwanakin farko za su tsargu da ita. Ka ajiye wani abu mai kamarta a wurin, ko guntun katako baƙi, har su saba.

Haske shi ne rabin hoto, kuma shi ya sa na ce ka zaɓi wurin kasko da la'akari da rana. A Kaduna rana na fitowa wajen 6:50 a Janairu, wajen 6:10 a Mayu. Awa biyun farko su ne naka, sai kuma daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Da safe ka kasance gabas da kaskon kana fuskantar yamma, rana na bayanka, ta yadda za ta haska tsuntsun ta sa ɗan ƙyalli a idonsa. Wannan ƙyallin ne ke sa hoto ya yi rai. Shaya da sha-kauci sun fi kowa buƙatar wannan, domin sheƙinsu ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke mayar da haske. In rana na bayansu baƙaƙe za su fito, in tana bayanka sai shuɗi da kore da shunayya su bayyana. Tsakar rana kuwa inuwa kan rufe ido, launi ya ƙone, ka bar ta don kallo.

Ka duba abin da ke bayan kaskon. Igiyar shanya, tankin ruwa da bangon bulo na ɓata hoto mai kyau. Ka so ganye mai duhu ko zana, aƙalla mita 3 a baya, don ya narke ya bar tsuntsun shi kaɗai. Sannan ka kafa busasshen reshe mai kyan siffa kusa da kaskon, ya ɗan fi shi tsayi. Yawancin tsuntsaye ba sa faɗawa ruwa kai tsaye, sai sun sauka a wani wuri sun waiga. A wannan reshen za ka saita, ba a kan roba ko tire ba. Reshe ɗaya ya fi biyar, don ka san inda zai sauka.

In ka yi wata biyu ko uku a haka ka ga abin ya kama ka, to ka fara da madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai kusanto da abu ninki 8, kafin kyamara. Shi zai koya maka tsuntsaye, kuma ana iya ɗora idon waya a bakinsa a ɗauki hoto. Bayan nan hanya biyu ce. Akwai kyamarori masu gilashi a haɗe da ke janyo abu daga nesa, irin Nikon P950 mai ninki 83 ko Canon SX70 mai ninki 65. Suna da sauƙin riƙo, amma suna son haske mai yawa. Akwai kuma kyamara mai sauya gilashi, ko da ta hannu ce, da gilashin milimita 70 zuwa 300. Ga wanda tsuntsunsa ke mita 3 ko 4 daga taga, ta biyun ta fi fitar da gashi dalla-dalla. Saurin ƙiftawar kyamara ya zama 1/1000 na sakan ga ƙananan tsuntsaye, 1/2000 ko fiye in suna wanka ko tashi. Ƙofar haske tsakanin f/5.6 da f/8. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi ya hau zuwa 800 ko 1600 ba fargaba, hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya goge. Ka saita a kan ido, ka ɗauki da yawa a jere. Asabari ko labule mai duhu da ka ɗan buɗe wa gilashin ya ishe ka maɓoya, motsi ne ke korar tsuntsu fiye da ganin mutum. A hunturu kada ka sauya gilashi a waje saboda ƙura, kada kuma ka goge shi kafin ka hure, ƙurar na karce shi. A damina fumfuna ce abokiyar gaba: ka ajiye kayan a roba mai murfi da 'yan ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Sheƙa dai a bar ta. Yawan zuwa wurinta na sa iyaye su gudu, yana kuma nuna wa hankaka da kyanwa hanya. Haka kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, yana wahalar da shi, musamman lokacin ƙwai. Ka kiyaye inda bakin kyamararka ke kallo. In tsuntsu ya sauka a katangar maƙwabci, ka ƙyale shi, akwai iyali a bayan katangar. Kaduna kuma gari ne mai barikoki da makarantun soja, kada ka fitar da dogon gilashi ko madubin hangen nesa kusa da su.

Don gane sunaye, manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell kyauta ce, kana ɗora hoto ta ba ka waɗanda suka yi kama, amma ka tabbatar da idonka. Littafin Nik Borrow da Ron Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne wanda masu wannan harka ke riƙewa. Ka tambayi dattawa da mafarauta da Fulani makiyaya sunayen Hausa da Fulfulde, ka rubuta kusa da na littafi. Ka buɗe ɗan kundi: kwanan wata, lokaci, wa ya zo, me ya ci. Najeriya na da tsuntsaye sama da jinsi 900, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ta Jami'ar Jos, da ke dajin Amurum a Laminga, tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar tun 2015. An raba ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, mai sa kai kan yi aƙalla awa biyu yana rubuta abin da ya gani a manhajar BirdLasser ya tura. In ka kai matsayin gane na unguwarku ba kuskure, ka nemi shiga, ka fara da murabba'in da gidanka ke ciki.